Gyaran Gida a Bakin Teku: Kasafin Kuɗi da Zaɓen Kayan Aiki

Gidan da ke kusa da teku, irin na Lekki, Ajah ko Badagry a Jihar Legas, yana tsufa da wuri fiye da takwaransa na Kano ko Kaduna. Dalili shi ne gishirin da iska ke ɗaukowa daga teku, da laimar da ba ta yankewa, ga kuma ruwan sama mai yawa da ke tsananta tsakanin Afrilu da Yuli. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya mallaki gida a can, idan ya yi lissafin gyara da ma'aunin Arewa, yakan sake biyan kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Babbar ɓarna tana faruwa ne inda ido ba ya gani. Gishiri na ratsa kankare a hankali har ya iske rodi, rodin ya yi tsatsa. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, don haka sai ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki. Alamarta ita ce jan zane a jikin ginshiƙi, ko tsagewa mai bin tsawon rodi, ko filasta da ke ɓamɓarowa a ƙarƙashin baranda. Lulluɓe wannan da sabuwar filasta rufe tukunya ne kan wuta. Sai an fasa wurin, an kankare tsatsar, an sauya rodin da ya sirance, sannan a mayar da kankare mai kauri. A bakin teku injiniyoyi kan nemi kaurin kusan milimita 50 tsakanin rodi da waje. Yashi ma abin lura ne: na teku yana da arha a kusa, amma gishirinsa yana shiga ginin tun ranar farko, shi ya sa ake son yashin rafi ko wanda aka wanke sosai.

Saboda haka kasafi mai ma'ana yana farawa da kuɗin injiniyan da zai duba gini, ba da kuɗin tayil ba. Daga nan sai ginshiƙai da rufi, sai magudanar ruwa da toshe laimar da ke hawowa daga ƙasa, sai wayar wuta da famfo. Fenti da ado su ne na ƙarshe, ko da yake su ne suka fi jan hankalin mai gida. Ana ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a gefe, domin tsohon bango ba ya faɗin ciwonsa sai an buɗe shi, kuma farashin buhun siminti kan motsa kafin aiki ya ƙare. Idan gyaran zai taɓa tsarin ginin, a Legas ana buƙatar izinin hukumomin jiha, LASPPPA da LASBCA, kuma wannan ma kuɗi ne.

Wajen rufi, kwanon alminiyom ya fi kwanon ƙarfe juriya. Sai dai akwai tarko: idan aka kafa shi da ƙusar ƙarfe ta gama-gari, ruwan gishiri na haɗa ƙarafan biyu su ci juna, ramin ƙusa ya faɗaɗa, yoyo ya fara. Ƙusar da ta dace ba ta kai ko kusa da kuɗin kwano ba, amma a nan ne kafinta kan so ya rage kashewa. Ƙarfen da ba ya tsatsa shi ma iri-iri ne. Mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure gishiri, kuma shi ya dace da makullai, ƙyaure da dogaran baranda.

Ga tagogi, alminiyom mai rufin fenti ko roba mai ƙarfi sun fi ƙarfe. Katakon loko yana jure laima da gara, farin katako kuwa sai an yi masa magani. Aikin rufi da fentin waje an fi yin su tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da bango ke samun bushewa.