Tarihin Sa Ido kan Amfani da Dabbobi a Binciken Jami'o'in Arewacin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala tana nuni da cewa binciken kimiyya a kan dabbobi ya girmi tsarin sa ido a kansa da shekaru masu yawa a Arewacin Nijeriya, kuma har yanzu harshe na daga cikin gibin da ba a cike ba.

2.0 Mafarin Binciken

A shekarar 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom domin yaƙi da cutar bushiya. A 1928 aka buɗe gonar kiwo ta Shika, wadda ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a 1976, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Manufar wancan lokaci ita ce ceton garke. Ba a ɗora wa wani kwamiti alhakin duba wahalar dabbar gwaji ba.

3.0 Yadda Ƙa'idojin Suka Samu

Ingila ta yi dokar gwaji a kan dabbobi tun 1876. A 1959 Russell da Burch suka fito da ƙa'idoji uku: musanya dabba da wata hanya idan akwai, rage yawan dabbobin gwaji, da sassauta musu azaba. A 1985 Amurka ta wajabta kafa kwamitin sa ido a cibiyoyin bincike.

A Nijeriya kuwa, ta ƙofar ɗan Adam batun ya shigo. Gwajin maganin Trovan a kan yara a Kano a 1996 ya tayar da ƙura, sannan aka samar da kundin ladubban binciken lafiya a 2007. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin ƙasa ikon shimfiɗa ƙa'idojin bincike a kan mutane da dabbobi. Haka kuma mujallun ƙasashen waje sun riƙa neman shaidar amincewar kwamiti kafin buga aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin wannan kwamiti. Masu gwajin tsirran magani a kan ɓeraye domin cutar sammore a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, su ma wannan sharaɗi ya hau kansu.

4.0 Kammalawa

Da Ingilishi ake rubuta waɗannan ƙa'idoji, alhali da yawa daga cikin masu ciyar da dabbobin da makiyayan da ake ɗibar jinin shanunsu da Hausa ko Fulatanci suke aiki. Makiyayin da bai fahimci abin da za a yi wa saniyarsa ba, amincewarsa ba ta cika ba. Saboda haka, fassara ƙa'idojin da daidaita kalmominsu aiki ne da ke jiran masana harshe.