Wace ce "Landan Yus"?

Da wuya ka ji mai shago a titin Beirut na Kano ya ce "kwamfutar tafi-da-gidanka". Wannan suna na gidan rediyo ne, ɗan'uwan "kotun tafi-da-gidanka". Wasu marubuta sun gwada "kwamfutar cinya", amma bai kama ba, wataƙila don Bahaushe yana jin nauyin ambaton cinya a cikin mutane. A kasuwa laftof ce kawai. Wannan bai dame ni ba. Sunayen da ake ɗora mata daga baya su ne ke cin kuɗin jama'a.

Tsohuwar riga gwanjo ce. Tsohuwar mota 'yar Kwatano ce, ko Baljiyam, ko tokumbo, kalmar Yarbanci da ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙetaren teku. Da aka zo kan kwamfuta sai aka ce "Landan yus". Ma'anar dai ɗaya ce: wani ya riga ka morarta. Aikin sunan shi ne ya raba ta da wadda ta sha ƙurar gida da wutar janareta. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin da yawansu kayan ofis ne da kamfanonin waje suka sallama bayan 'yan shekaru, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, waɗanda aka ƙera don su jure wahala. Sai dai Landan ɗin ba adireshi ba ne. Dubi maɓallin lamba 3. In ka ga alamar £ a kansa, galibi an yi ta don kasuwar Ingila. In # ce, tsarin Amurka ne. Ta Baljiyam ta ainihi kuwa, layin haruffanta na sama da AZERTY yake farawa, irin wanda ma'aikatan ofis a Maraɗi da Damagaram suka saba da shi. Ni dai mafi yawan 'yan Landan ɗin da na taɓa, # na gani.

Sunan da ya fi ruɗi shi ne Core i7. Mai shago zai ce, "Alhaji, wannan ai seben ce," kamar yana faɗin sarauta. Sarautar ce kuwa, amma bai faɗi zamanin wane sarki ba. Intel ya fara fitar da i7 tun 2008, aka yi ta gadon sunan shekara bayan shekara. Shekarun na ɓoye a lambar da ke biye. A i7-3520M, 3 ɗin farko na nufin zubi na uku, na 2012, mai injin aiki biyu a cikinsa. A i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017, mai injin huɗu. Wato ƙaramin suna ya kayar da babba. 'Yan kasuwa "janareshan" suke cewa, kuma kalma ce da ba a cika jin ta ba sai mai saye ya fara furta ta. Ba batun gayu ba ne: Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa, ban da 'yan ƙalilan, daga zubi na takwas yake karɓa a hukumance.

Sai "memori", kalma ɗaya da aka ɗora wa kaya biyu. Akwai rumbu, inda ake ajiye hotuna da takardu. Akwai turmi, wato RAM, inda ake zuba abin da ake dakawa yanzu. In aka ce maka "gig 500", rumbun ake nufi. Rumbu cike da gero ba ya sa ƙaramin turmi ya ɗauki fiye da cikinsa, shi ya sa mai RAM gig 4 take maƙalewa da an buɗe shafuka biyar-shida na intanet. Don rubutu da karatu da kallo, gig 8 ya wadatar. Rumbun ma iri biyu ne: tsohon faifai mai juyawa, da SSD wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. SSD mai gig 256 ya fi faifai mai 500 sauri nesa ba kusa ba, amma ƙatuwar lamba ta fi daɗi a kunne, ita ake kira da ƙarfi.

Na ƙarshe ma ba suna ba ne, alkawari ne: "Tana riƙe caji." Awa nawa? "Sosai ma." Wannan ba shi da mudu. Ni in na kai nan sai in ce, "Malam, cire cajar," in kunna bidiyo, in jawo benci in zauna rabin awa ina kallon yadda lambar batirin ke sauka.