Wasan golf: yadda ake rage yawan bugu ta hanyar gyara dabara da atisaye

Golf, wanda wasu kafafen labarai na Hausa ke kira ƙwallon lambu, wasa ne da mai ƙarancin bugu ke cinyewa. Cikakken fili yana da rami 18, kuma a yawancin manyan filaye ana sa ran gwani ya gama su da bugu 70 zuwa 72, adadin da ake kira par. Sabon shiga kuwa yakan haura 100. Abin da ke rage wannan tazara shi ne ɗan wasa ya san wurin da yake asarar bugu, ya kuma ba wurin mafi yawan lokacin atisayensa. Ƙarfin damtse da tsadar sanda suna baya.

Ƙa'idoji da kayan wasa

An rubuta dokokin golf na farko a 1744 a Sikotland, kuma a 1764 filin Saint Andrews ya rage ramukansa daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi daga baya. A yau hukumomi biyu ke kula da dokokin: R&A a Sikotland da USGA a Amurka. Faɗin rami milimita 108 ne, nauyin ƙwallo kuma ba ya wuce giram 45,93. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda 14 a jaka, amma mai koyo zai iya farawa da shida ko bakwai: sandar nesa, sandunan ƙarfe uku ko huɗu, waɗanda ake kira "fer" da Faransanci, sandar fitar da ƙwallo daga rairayi, sai sandar gangarawa da ake tura ƙwallo cikin rami da ita. Kowace sanda da irin karkatar fuskarta. Ta nesa tana da digiri 9 zuwa 12, ta rairayi kuma 54 zuwa 56. Yawan karkata yana ɗaga ƙwallo sama, yana kuma rage nisan tafiyarta.

Riƙo, tsayuwa da saiti

Ben Hogan na Amurka, a littafinsa na darussa biyar da ya fito a 1957, da riƙon sanda ya fara kafin komai. Ga mai bugu da dama, hannun hagu ne a sama, sandar kuma tana kwanciya a gindin yatsu, ba tsakiyar tafi ba. Kusurwar da babban yatsa da manuniya suka haɗa ta nuna wajen kafaɗar dama a hannuwan biyu. Riƙon da ya fi yaɗuwa shi ne na Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau shida: ƙaramin yatsan dama yana hawa tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na hagu. Matse sanda da ƙarfi yana sandarar da wuyan hannu, gudun kan sanda ya ragu.

A tsayuwa, a buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗu, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a sunkuya daga ƙugu baya na miƙe. Da sandar nesa, ƙwallo tana kusa da diddigen hagu. Da gajerun sandunan ƙarfe, tana tsakiya. Saiti kamar sawun tayoyin mota ne guda biyu: sawu ɗaya ya tashi daga ƙwallo zuwa inda ake nufi, ɗayan ya bi ƙafafu da kafaɗu, su tafi a jere ba su haɗu ba. Ajiye sanda a ƙasa gaban yatsun ƙafa yayin atisaye yana nuna karkacewar da ido ba ya gani.

Lilon sanda

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu koyo shi ne ƙoƙarin kwasar ƙwallo daga ƙasa kamar da ludayi. Ɗaga ƙwallo aikin fuskar sanda ne. Da sandar ƙarfe, kan sanda yana saukowa ya sami ƙwallo tukuna, sannan ya taɓa ƙasa a gabanta. Hakan na samuwa idan nauyin jiki ya koma kan ƙafar hagu kafin bugun, ƙugu ya ja gaba, hannuwa su biyo baya.

Na'urorin rada irin su TrackMan sun nuna cewa inda fuskar sanda ke kallo lokacin da ta sami ƙwallo shi ne ke da mafi girman tasiri kan inda ƙwallon za ta nufa da farko. Lanƙwasar da take yi a iska kuwa tana zuwa daga bambancin da ke tsakanin fuskar da hanyar da kan sanda ya biyo. Saboda haka wanda ƙwallonsa ke kaucewa dama kullum ya fara duba riƙonsa da fuskar sandarsa. Juya jiki hagu don ramawa yakan ƙara kaucewar. Game da sauri, an lura cewa wajen ƙwararru ɗaga sanda baya yana ɗaukar kusan ninki uku na lokacin sauko da ita.

Ina bugu ke zubewa?

An daɗe ana cewa a bakin rami ake cin wasa. Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia ta Amurka, ya auna miliyoyin bugu, ya fitar da sakamakon a littafinsa na 2014. Ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na fifikon manyan ƴan wasa yana zuwa daga bugun nesa, musamman bugun da ke kai ƙwallo dandalin rami. Ƙididdigar gasar PGA ta kuma nuna cewa daga nisan mita 2,4 ko ƙwararru kusan rabi kawai suke jefawa. Darasin a nan shi ne: daga nesa, a nemi ajiye ƙwallo kusa da rami yadda bugu na biyu zai zama tabbas.

Ga mai koyo, asara mafi tsada ita ce ƙwallon da ta ɓace ko ta fita iyakar fili. Ana ƙara masa bugun tara ɗaya, kuma ya koma inda ya buga. Tun 2019 minti uku kawai doka ta bayar na nema. Lissafin a fili yake: wanda ya ƙara bugu ɗaya kan par a kowane rami na fili mai par 72 zai gama da 90. Bai buƙatar bugun bajinta ko ɗaya don kai wannan matsayi, illa ya kauce wa tara da gangarawa sau uku a rami guda.

Tsara atisaye

A kowane zagaye, a rubuta abu huɗu a katin maki: yawan bugun tara, ramukan da ƙwallo ta isa dandali kan lokaci, yawan gangarawa, da yawan bugun da aka yi daga ƙasa da mita 50. Bayan zagaye biyar, raunin zai fito da kansa.

Sa'a guda ta atisaye za a iya raba ta haka: minti 10 na motsa jiki, 20 na gyaran abu ɗaya tak a lilo, 15 na gajerun bugu, 15 na gangarawa. Buga ƙwallo 50 a jere da sanda ɗaya yana da amfani wajen koyon sabon motsi, amma a fili ba a maimaita bugu iri ɗaya sau biyu. Don haka a riƙa canza sanda da wurin nufi a kowace ƙwallo, kamar ana cikin wasa. A san nisan kowace sanda: a buga ƙwallo goma, a cire mafi nisa da mafi kusa, a ɗauki matsakaicin sauran. Bidiyon wayar salula daga gaba da daga baya, da ƴan darussa wurin mai horarwa tun da wuri, suna hana kuskure zama ɗabi'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Golf a ƙasa mai rairayi

A yankin Sahel ciyawa tana cin ruwa da kuɗi, shi ya sa filin Rio Bravo da ke wajen birnin Yamai, kan hanyar Tillaberi, na rairayi ne. A irin waɗannan filaye ana buga ƙwallo daga kan ɗan shimfiɗin ciyawar roba, dandalin rami kuma rairayi ne da ake sharewa kafin gangarawa. Busasshiyar ƙasa tana sa ƙwallo ta yi ta birgima, don haka bugu na ƙasa-ƙasa da zai sauka kafin dandali ya fi aminci. Lokacin hunturu, idan ana fuskantar iska, a ɗauki sanda mai nisa fiye da wadda aka saba, a yi lilo a hankali, domin bugu da ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, iska ta ɗaga ta. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, a fita da sassafe, da hula da isasshen ruwan sha.

Auna ci gaba

Ma'aunin ɗan wasa shi ne handikap. Tsarin duniya da ya fara aiki a 2020 yana ɗaukar sakamako takwas mafi kyau cikin zagaye 20 na ƙarshe, kuma mafi girman adadi shi ne 54. Da shi ne mai koyo zai iya karawa da gwani bisa adalci, kuma da shi zai gane ko atisayen watanni uku da suka wuce ya rage masa bugu ko kuwa sai ya sake tsari.