Shekarar Da Mutanen Mubi Suka Zama Baƙi

Mubi gari ne da ya saba saukar da baƙi. Tun zamanin da yankin yake hannun Jamusawa, har zuwa 1961 da aka yi ƙuri'ar raba gardama ya shigo Nijeriya, garin ya zama hedikwatar Lardin Sardauna, kasuwarsa ba ta rabuwa da fatake daga Kamaru da Chadi. Baƙo ya iso da shanunsa, sai ya nufi gidan fatomansa. Shi zai ba shi ɗaki, ya aika masa da tuwo, ya tsaya masa wajen ciniki, sannan ya ci la'adarsa.

Ranar Laraba 29 ga Oktoba, 2014, sai masu masauki suka wayi gari suna neman masauki. Boko Haram ta shiga Mubi, har ta sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Dawa na tsaye a gona ba a girbe ba, mutane suka ratsa ta cikinta a ƙafa, mace da goyo a baya, ƙunshin kaya a ka. Wasu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, mafi yawa suka yi kudu zuwa Yola, tafiyar kusan kilomita 200.

An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi, amma ba can akasarin mutanen suka kwana ba. Gidajen jama'a suka shiga. Ɗan uwa, suruki, abokin kasuwa, kai har wanda gari ɗaya kawai ya haɗa su, kowa ya shimfiɗa tabarma a zaure, mata suka koma girki da tukunyar biki. Albashin mutum ɗaya ya riƙe gida uku. Wannan ɗawainiya ba a rubuta ta a littafin kowace hukuma ba, alhali ita ce ta hana yunwa yin ɓarnar da bindiga ba ta yi ba.

Ƙungiyoyi sun kama. Jami'ar Amurka da ke Yola, ƙarƙashin Margee Ensign, ta haɗa limamai da fastoci da 'yan kasuwa cikin ƙungiyar zaman lafiya da aka kafa a 2012, suka riƙa rabon masara da shinkafa da wake a masallatai da majami'u. A cocin Saint Theresa ta Jimeta, Bishof Stephen Dami Mamza ya buɗe ƙofa, bai tambayi kowa addininsa ba. 

Cikin Nuwamba sojoji da mafarauta suka ƙwato Mubi. Da Kamaru ta fara maido da 'yan Nijeriya ta iyakar Sahuda a 2015, Mubi ce ta sake zama zangonsu na farko, tun ba ta gama share tokar kasuwarta ba. Waɗanda ƙauyukansu ba su komu ba kuwa, a 2021 Bishof Mamza ya miƙa musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci.