Tarihin Dokokin Intanet a Najeriya: Tsaro da Sirrin Jama'a

Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa: gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta tarho. A lokacin wayar salula ba ta yaɗu ba, sai daga 2001. Da shagunan intanet suka yawaita, 'yan damfara suka mayar da su wurin sana'a, har dokar yaƙi da zamba ta 2006 ta wajabta wa masu shagunan rubuta suna da adireshin duk wanda ya zauna gaban kwamfuta.

A watan Mayun 2015, dab da saukarsa daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar laifukan intanet. Buƙatarta ba abin musu ba ce, domin masu kutse suna kwashe kuɗin mutane daga banki. Sai dai ta umarci kamfanonin sadarwa su adana bayanan masu layi na shekara biyu, su miƙa wa jami'an tsaro idan an nema. Sashe na 24 kuwa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko tarar naira miliyan 7, ga wanda ya aika saƙon cin fuska ko na ɓata wa wani rai. A nan gizo ke saƙar, domin kalmomin sun yi faɗin da mai iko zai iya cusa kowace suka a cikinsu. Da wannan sashe aka riƙa gurfanar da 'yan jarida da matasa masu rubutu a Facebook. A 2020 kotun ECOWAS ta ce ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci a gyara shi.

Ƙudurori biyu na taƙaita kafafen sada zumunta, na Sanata Bala Ibn Na'Allah a 2015 da na Sanata Mohammed Sani Musa a 2019, duk sun sha suka, ba su zama doka ba.

Ɓangaren sirri ne ya makara. Sai a Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, bayan an riga an tilasta haɗa lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da layin waya tun Disambar 2020. A Fabrairun 2024 aka rage faɗin sashe na 24 na dokar laifukan intanet, ya koma kan saƙonnin batsa da ƙaryar da aka shirya don tada tarzoma ko barazana ga rai, amma kamen 'yan jarida da sunan dokar bai tsaya ba.