Ɗinki da Gyaran Tufafi a Cikin Gida a Ƙasar Tozai

Garin Tozai yana cikin Ƙaramar Hukumar Isa, maƙwabciyar Sabon Birni, a yankin Gobir da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar. A wannan yanki allura da zare tsofaffin kayan ɗaki ne, kuma yawanci 'ya mace a wurin mahaifiyarta ko kakarta take fara koyon riƙe su. Ɗinkin manyan riguna da aikin wuyansu sana'ar teloli maza ce a kasuwa, amma gyaran yau da kullum a cikin gida ake yin sa.

Muhimmancin wannan aiki ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Masaƙar Kaduna ta KTL ta daina aiki a 2002, wasu masaƙu suka bi sahunta, har ya zama mafi yawan atamfa da shadda daga ƙasashen waje ake shigo da su. Bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira a 2023, farashin yadi ya tashi ƙwarai. Har ila yau, hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Isa da Sabon Birni tun daga 2019 sun raba iyalai da dama da gidajensu, wasu suka tsallaka yankin Maraɗi da tufafin jikinsu kaɗai. Ga irin waɗannan iyalai, rigar da ta yage ba a maye gurbinta, gyara ta ake yi.

Muna ba mai koyo shawarar ya fara da ɗinkin hannu kafin ya hau keke. Allura da zare da almakashi sun isa. Aikin farko shi ne kalmasa, wato naɗe bakin zane ko ɗankwali sau biyu a ɗinke don kada ya zare. Daga nan sai ɗaura maɓalli, da ɗinke hammatar taguwa, da gyaran ƙubakar wando idan zariya ta cinye ta. Rigar matashin kai ita ce abu na farko da ya kamata ya yanka da kansa, domin ɗinkinta miƙaƙƙe ne.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin maho. Sau da yawa akan ɗauko sabon ƙyalle a lulluɓe ɓular tsohuwar riga. Da an yi wanki sai sabon ya tsuke, ya ja tsohon, yagewar ta dawo ta fi ta farko girma. Abin da ya dace shi ne a samo ƙyallen da ya sha wanki, mai kauri daidai da na rigar, a yanka shi ya zarce ɓular da faɗin yatsu biyu ta kowane gefe, a sa shi ta ciki, sa'annan a lanƙwasa bakin yagewar a ɗinke. Haka nan ake yi wa gidan sauro, kuma a ganinmu ya fi riga cancantar gaggawa, musamman da damina, tun da ƙaramar ɓula ta ishi sauro shiga.

Game da rage kaya, kamar na gwanjo ko na wa da za a ba ƙane, kada a yanke abin da ya yi yawa. A naɗe shi ciki, domin yaro girma yake yi, baɗi sai a warware.

Wanda hannunsa ya faɗa yana iya komawa ga keken ɗinki na ƙafa irin su Butterfly da Singer, waɗanda ba su buƙatar wutar lantarki. A riƙa ɗiga masa mai, a kuma rufe shi da zane lokacin hunturu, saboda ƙurar da ke shiga cikinsa tana iya sa zare yawan tsinkewa.