Wilfred Owen: Malami, Soja, Mawaƙi

Daga cikin sojojin Birtaniya sama da 700,000 da suka rasa rayukansu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918, ƙalilan ne ake iya faɗin abin da suka gani da abin da suka ji a ransu. Galibinsu suna ne kawai da lamba a jikin dutse. Wilfred Owen yana cikin ƙalilan ɗin nan, don kuwa ya bar waƙoƙi, ya kuma bar wasiƙu fiye da 670, waɗanda sama da 550 daga cikinsu mahaifiyarsa ya rubuta wa. Saboda haka duk wanda zai ba da tarihinsa tilas ya bi ta cikin gidansu. Mutanen gidan ne suka adana mana shi, su ne kuma suka rage abin da suka ga dama kafin ya iso hannunmu.

An haife shi ran 18 ga watan Maris 1893 a garin Oswestry da ke kan iyakar Ingila da Wales, a gidan kakansa na wajen uwa, Edward Shaw, wanda ya taɓa riƙe magajin garin. Gida ne babba mai lambu, ana kuma ganin mai shi attajiri ne. Da tsohon ya rasu a 1897 sai aka tarar ba abin da ya bari sai bashi. Aka sayar da gidan. Uban yaron, Tom Owen, ma'aikacin reluwe ne mai ɗan albashi, sai ya kwashi iyalinsa suka koma Birkenhead inda ya zama shugaban tashar jirgin ƙasa, daga baya a 1907 suka zauna a Shrewsbury. Uwar, Susan, ba ta taɓa mantawa da gidan ubanta ba. Mace ce mai tsananin riƙo da addininta na Kirista, ta kuma ɗora dukkan burinta a kan ɗanta na fari. Ƙannensa uku, Mary da Harold da Colin, sun tashi suna sane da cewa Wilfred ne ɗan gaban goshi.

Tun yana yaro ya ƙudurta zai zama mawaƙi, ya kuma yi shekaru yana kwaikwayon John Keats. Wanda ya duba waƙoƙinsa na lokacin zai ga kalmomi masu zaƙi jere reras, amma ba abin da suke ɗauke da shi. A 1911 ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Landan, sai dai bai sami makin da ake ba da tallafin karatu da shi ba, uban kuwa ba shi da halin biya. Mu da muke aji kullum mun san irin wannan ɗalibi, mun kuma san yadda labarinsa ya saba ƙarewa. Ya tafi ƙauyen Dunsden kusa da Reading ya zama mataimakin limamin coci, yana zaga gidajen matalauta da marasa lafiya. Abin da ya gani a can ya sanyaya masa gwiwa game da cocin, ya bar aikin a 1913, abin da bai yi wa uwarsa daɗi ba ko kaɗan. A shekarar ce ya haye Faransa, ya kama koyar da Turanci a wata makarantar koyon harsuna a Bordeaux. Yana can yaƙi ya ɓarke.

Bai yi gaggawar shiga soja ba. Sai da aka shekara guda ana yaƙi kana ya dawo gida ya ba da sunansa ran 21 ga Oktoba 1915. A watan Yuni 1916 aka ba shi anini ɗaya a Rundunar Manchester, farkon Janairu 1917 kuma ya isa bakin daga a yankin kogin Somme, cikin hunturu mai tsanani.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana irin yaƙin da ake yi. Kowane ɓangare ya haƙa dogayen ramuka ya shige, an gitta waya mai ƙaya a gaba, tsakanin ramukan Ingilishi da na Jamus kuwa fili ne na taɓo da gawawwaki wanda ba mai mallakarsa. Mako biyu da zuwansa aka tura Owen da mutanensa su riƙe wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Jamusawa suka bari a tsakiyar filin nan. Awa 50 suka yi a ciki, ruwa na hawa ƙafafunsu, igwa na sauka a kansu ba ƙaƙƙautawa. Wani harsashin igwa ya fashe a bakin ramin, ya jefo santirin da ke gadi ƙasa, ya makantar da shi. Duk wannan Owen ya zayyana wa uwarsa a wasiƙa, bai ɓoye mata kome ba. A watan Maris ya faɗa wani rami da dare ya bugu a kai. A Afrilu igwa ta ɗaga shi sama yana barci a gefen hanyar jirgin ƙasa, ya kwana da kwanaki a wani ɗan rami kusa da guntattakin gawar wani hafsa abokin aikinsa. Da ya fito sai aka lura jikinsa na rawa, maganarsa na sarƙewa. Likitoci suka ce firgitar yaƙi ce, aka aika da shi asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh a ƙarshen Yuni.

Wata huɗu da ya yi a asibitin nan su ne suka mai da shi marubuci. Likitansa, Arthur Brock, ya yi imani da cewa aiki shi ne magani, don haka ya sa shi ya riƙe editan mujallar asibitin, ya kuma riƙa koyarwa a wata makaranta a cikin gari. A watan Yuli sai ga Siegfried Sassoon, hafsa kuma mawaƙin da ya riga ya yi suna, wanda hukuma ta turo asibitin don ya fito fili ya soki ci gaba da yaƙin. Owen ya ƙwanƙwasa ƙofarsa yana in'ina, riƙe da littattafan Sassoon don ya sa masa hannu. Da suka saba sai ya nuna masa nasa. Sassoon bai yi masa kara ba. Ya ture waƙoƙin zaƙin nan gefe, ya nuna masa cewa abin da idonsa ya gani a rami shi ne abin rubutawa. Takardun gwajin waƙar "Anthem for Doomed Youth" suna nan har yau, ana ganin rubutun mutum biyu a kansu, wannan ya soke kalma, wancan ya sauya wata, har sunan waƙar sai da aka gyara. Muna ganin ya dace 'yan'uwa masu kawo rubutu wurin taron bita su san haka, musamman waɗanda ransu ke ɓaci in an taɓa musu baiti ɗaya.

Ba Sassoon ne ya ba shi kome da kome ba. Owen yana da wata dabara tasa ta amsa-amo, inda baƙaƙen kalmomin ƙarshe ke zuwa daidai amma wasulan su saɓa, kamar a ce an haɗa "gida" da "gudu" a Hausa. Kunne na jiran sauti ya cika, sai ya ji ya kauce, wannan rashin daɗi kuwa shi ya dace da abin da yake bayarwa. Kusan dukkan waƙoƙin da aka san shi da su tsakanin Agusta 1917 da Satumba 1918 ya yi su, wato wata goma sha uku ke nan.

Yana iya neman a bar shi a gida, Sassoon ma ya hana shi komawa. Duk da haka ya koma Faransa a ƙarshen Agusta 1918. A farkon Oktoba, a kusa da ƙauyen Joncourt, kwamandan kamfaninsu ya ji rauni, Owen ya karɓi ragama, ya ƙwace wata bindiga mai jigida ta Jamusawa ya juya ta kansu. A kan haka aka ba shi lambar yabo ta Military Cross. Masu son su nuna shi a matsayin mai ƙin yaƙi zalla sukan tsallake wannan wuri, alhali kuwa mutumin da ya rubuta tausayin sojan da ake kashewa shi ne kuma ya yi kisan da hannunsa.

Ran 31 ga Oktoba ya rubuta wa uwarsa wasiƙa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani mai gadin daji kusa da ƙauyen Ors, hayaƙi ya cika ɗakin, sojoji na raha, ya ce mata ta kwantar da hankalinta. Ita ce ta ƙarshe. Da asubahin 4 ga Nuwamba aka umarce su su ƙetare mashigin ruwan Sambre da Oise. Injiniyoyi na ƙoƙarin haɗa gada, Jamusawa na ɓarin wuta daga ɗaya gaɓar. A bakin ruwan nan aka harbe shi, yana da shekara 25. Ran 11 ga wata, ƙararrawar coci na kaɗawa a Shrewsbury don murnar an tsai da yaƙi, sai ga mai kawo waya a ƙofar Tom da Susan.

Ƙanensa Harold hafsa ne a jirgin ruwan yaƙi, suna gaɓar Kamaru kusa da Victoria, garin da yanzu ake kira Limbe. Ya faɗa a littafinsa cewa ya shiga ɗakinsa a jirgin ya ga Wilfred zaune a kujerarsa yana murmushi, bai ce uffan ba, daga nan ya san yayansa ya mutu, tun wasiƙar gida ba ta iso ba.

Waƙa biyar kacal aka buga masa yana raye. Littafinsa na farko ya fito a 1920 da taimakon Sassoon da Edith Sitwell, Edmund Blunden ya fitar da wanda ya fi shi cika a 1931. Ko a lokacin ba kowa ya karɓe shi ba, don W. B. Yeats ya ƙi sa shi a babban kundin waƙoƙin zamani da ya tattara a 1936. Sai bayan 1962, da Benjamin Britten ya sa waƙoƙinsa cikin wani babban kiɗan juyayi, sunansa ya game ƙasar.

A duk tsawon shekarun nan takardun suna hannun iyali. Susan ta ƙone buhu guda na takardunsa, bisa wasiyyar da ta ce ya bar mata. Harold, wanda ya gaji sauran, ya bi wasiƙun da almakashi da baƙar tawada yana cire duk abin da yake ganin zai taɓa mutuncin gidan, manazarta kuma har yau suna fama da guraben da ya bari. Hatta dutsen kabarinsa a maƙabartar Ors bai tsira ba. Susan ta zaɓo ɗango biyu daga wata waƙarsa inda ya jero tambaya biyu cikin shakka a kan ko za a ta da matattu. Ta datse ta biyun kafin ta kai ƙarshe, ta cire alamar tambayar, sai ta koma amsar ta farkon. Haka aka sassaƙa, haka kuma masu ziyara ke karantawa.